An Turo Maka Cewa An Zuba Guba a Ruwan Famfo? Ga Matakan da Za Ka Bi

Duk sanda wani saƙon murya ya zaga WhatsApp yana cewa an zuba wani abu a ruwan famfon Kano, tambayoyin da masu karatu ke aiko mini ba sa canzawa: Mu daina sha ne? Ta yaya za mu gane ko gaskiya ne? Ina ake kai ruwa a gwada? Yau a ce guba aka zuba a matatar ruwa ta Tamburawa, gobe a ce maganin hana haihuwa ne, jibi kuma a turo bidiyon ruwa yana komawa baƙi ƙirin a cikin kofi. Maimakon in riƙa amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, ga yadda ake bin abin daki-daki. A bi jerin yadda yake: saƙon ake fara tuhuma, sai ruwan, sai hanyar da ya biyo daga titi zuwa randa. Wanda ya tsallake ya fara da sayen na'urar tace ruwa, kuɗinsa zai kashe bai san abin da ke damun ruwansa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: wayarka, kofin gilashi biyu masu tsabta, farar takarda, farin ƙyalle wankakke, jarka mai murfi, da kulorin ɗin da aka yi don ruwan sha.

Mataki na 1: Riƙe saƙon, kar kuma ka canza ruwa

Kar ka tura wa kowa tukuna, ko da "Allah ya sa ba gaskiya ba ne" za ka rubuta a ƙasa. Mutane ba sa karanta abin da ke ƙasa, muryar suke saurara. Wanda ya tuna watan Agustan 2014, lokacin da saƙon shan ruwan gishiri da wanka da shi don maganin Ebola ya zaga Najeriya cikin dare ɗaya, ya san cewa har rayuka aka rasa, kuma yawancin waɗanda suka yaɗa shi da kyakkyawar niyya suka yi.

Gargaɗi: babban kuskuren da ake yi a wannan sa'ar shi ne a bar famfo a koma duk ruwan da aka samu. A kira ɗan garuwar da ba a san inda yake ɗiba ba, ko a buɗe tsohuwar rijiyar da ke kusa da masai, ko a sayi fiya wata mara lambar NAFDAC. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Idan hankalinka bai kwanta ba, tafasa wanda za a sha yau, ka ci gaba da bincike. Abu ɗaya ne zai sa ka daina shan ruwan nan take: warin fetur, kananzir ko fiya-fiya. Bayaninsa na Mataki na 5.

Mataki na 2: Yi wa saƙon tambayoyi

Sake sauraron sa, wannan karon da biro a hannu.

Wane ne mai maganar? "Wani ma'aikacin hukumar ruwa ya gaya wa yayana" ba shaida ba ce. Mai gaskiyar labari yana faɗin sunansa da ofishinsa, ko kuma gidan rediyo ya faɗa a madadinsa.

Ina ne, kuma yaushe? Saƙon ƙarya yana son "jiya da daddare" da "wata unguwa", domin a haka zai iya dawowa baɗi ba tare da ya tsufa ba. Ruwan birni ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba: akwai matatun Challawa, akwai Tamburawa, akwai Watari, ga kuma dubban gidajen da burtsatse suke sha suna kiran sa famfo. Saƙon da ya ce "ruwan Kano" a dunƙule, mai shi bai san yadda ake raba ruwan ba.

Ina waɗanda abin ya shafa? Idan an ce mutum arba'in sun mutu, wane asibiti aka kai su, a wace maƙabarta aka rufe su? A garin da rasuwar mutum ɗaya ke zaga unguwa kafin azahar, gawa arba'in ba ta ɓuya.

Duba saman saƙon. Idan akwai kibiya biyu, alama ce ta cewa ya bi ta hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ka. Wanda ya turo maka ma bai san mai muryar ba.

Me ake so ka yi? Idan saƙon ya ƙare da "tura wa mutum goma don Allah", ko da lambar wayar mai sayar da na'urar tace ruwa, ka samu amsarka.

Maganar hana haihuwa tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, domin ita ce ta fi kama zuciya a nan. Ba na raina mai jin tsoron. A garin nan ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009. Amma a garin nan ne kuma aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda zargin hana haihuwa, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye. Don haka a yi lissafi. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don ta iya tace lita miliyan 150 a rana, wato jarka miliyan 6 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. Mafi yawan wannan ruwa wanki da wanka da wanke-wanke yake tafiya. Maganin hana haihuwa kuwa sai an sha ƙayyadadden adadi a kai a kai yake aiki. Kafin kowane kofi ya ɗauki abin da zai yi tasiri, sai an riƙa shigo da kaya lodi-lodi kullum, a gaban direbobi da masu gadi da injiniyoyi da leburori, waɗanda matansu da 'ya'yansu wannan ruwan suke sha. Kwalba ɗaya da ake cewa "an ga wani ya zuba" ba ta zuwa ko'ina a cikin wannan lissafi.

Mataki na 3: Idan hoto ne ko bidiyo

Tsayar da bidiyon a inda ya fi fitowa sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka saka a manhajar binciken hoto ta Google Lens. Sau da yawa za ka tarar hoton ya shekara da shekaru yana yawo, daga wata ƙasa. Hotunan gurɓataccen ruwan garin Flint na Amurka, inda dalma ta shiga ruwan famfo daga 2014, na gaskiya ne, amma ba Kurna ba ce, ba kuma Ɗorayi ba. Ka lura da lambar mota, rubutun allon shago, irin ginin, da harshen da ake yi a baya. Sannan ka duba shafukan masu bin diddigin labarai irin su Dubawa da Africa Check, ko sun riga sun taɓa shi.

Akwai dabaru biyu da ke ruɗa har masu ilimi.

Ta farko ita ce na'ura mai sanduna huɗu na ƙarfe da ake jona wa wuta, a tsoma biyu a kofin ruwan famfo, biyu a kofin ruwan da mai tallan ya tace. Cikin minti ɗaya ko biyu ruwan famfon ya yi ja, ya yi kore, ya yi baƙi da dusa-dusa a sama, ɗayan kuwa yana nan garau. Sai a ce ga gubar nan ta fito. Ba daga ruwan ta fito ba. Sandan ƙarfen ne ke narkewa idan wuta ta ratsa, kuma wuta tana ratsa duk ruwan da ke da ma'adinai a cikinsa, har da ruwan roba mai tsada. Ruwan mai tallan an cire masa ma'adinan ne, shi ya sa wutar ba ta bi. Idan aka yi maka wannan a gabanka, ka ce a barbaɗa ɗan gishirin miya a kofinsa mai tsabtar a sake tsomawa. Nan take shi ma zai yi baƙi.

Ta biyu ita ce 'yar na'ura mai kama da biro da ake tsomawa ta nuna lamba. Yawan ma'adinan da suka narke kawai take aunawa. Ba ta ganin ƙwayar kwalara, ba ta ganin ta taifod. Ruwa zai iya nuna ƙaramar lamba alhali kashi ya shige shi, wani ya nuna babbar lamba alhali lafiyarsa ƙalau. Kar ka sayi wannan biron da sunan ka sayi ɗakin gwaji.

Mataki na 4: Tambayi na kusa, sannan hukuma

Leƙa gida uku ko huɗu da kuke layin bututu ɗaya. Ruwansu ya canza? Akwai wanda ya kwanta? Tambayi mai kemis ɗin unguwa ko an fi zuwa sayen maganin gudawa a 'yan kwanakin nan; shi yakan fara gani kafin kowa. Ka saurari labaran rana a Rediyon Kano ko Freedom, ka duba shafukan Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jiha da Ma'aikatar Lafiya.

A kula: shirun hukuma ba ya nufin an tabbatar, ba ya kuma nufin an ƙaryata. Hukumomi sukan yi jinkirin magana. Abin da ido ya gani a layinku ya fi ƙarfi.

Mataki na 5: Duba ruwan da kanka

Je famfon da ya fi kusa da inda bututu ya shigo gidan, ba na ɗakin girki da ya biyo ta tanki ba. Cire tiyo idan akwai. Bar ruwan ya zuba minti biyu zuwa uku a bokiti, a yi wanki da shi. Cika kofi ɗaya. Cika na biyu daga randa ko jarkar da ake sha. Ajiye su a kan farar takarda wajen haske, ka shinshina, ka bar su rabin sa'a.

Idan ruwan ya fito fari kamar an ɗiga madara, zuba masa ido. In ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama cikin 'yan mintuna, iska ce ta cakuɗa da shi a bututu, abin da ke yawan faruwa idan aka dawo da ruwa bayan an ɗauke. Wannan farin shi ne aka fi ɗauka a bidiyo a ce hoda aka zuba. Hoda ƙasa take kwanciya, iska sama take fita.

Idan warin kulorin ka ji, irin na bilicin wanki amma kaɗan, ka gode wa Allah. Alama ce ta cewa ruwan ya iso da sauran kariyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son aƙalla miligiram 0.2 na kulorin a kowace lita ya rage a ruwan da ya iso hannun mai sha, iyakar da ta sa kuwa miligiram 5 ce. Hanci yana jin sa tun bai kai ko kusa da iyakar ba. In warin ya dame ka, zuba a mazubi mai tsabta ka yafa ƙyalle, zai ragu cikin 'yan sa'o'i.

Idan ja ne ko ruwan ƙasa, ko dai tsatsar tsohon bututu ce, ko laka. Yakan zo a ruwan farko bayan kwanaki babu ruwa, da kuma lokacin damina. Bar shi ya zuba. In ya washe, shi ke nan, sai a bi Mataki na 7. In ya ƙi washewa, akwai inda bututu ya fashe.

Idan warin kwata ka ji, ko na ruɓaɓɓen ƙwai, kar a sha sai an tafasa, kuma a kai rahoto ran nan.

Gargaɗi: idan warin fetur ne, kananzir, fiya-fiya ko wani sinadari, ko ka ga maiƙo yana walƙiya a saman ruwan, kar a sha, kar a yi girki, kar kuma a ce za a tafasa. Tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire guba, ba ta cire dalma. Cika kwalba mai tsabta ka rufe ka ajiye shaida, sannan ka tambayi maƙwabta ko nasu ma haka yake. In gidanka ne kaɗai, tuhumi jarka ko tanki kafin ka tuhumi Challawa.

Yanzu kwatanta kofunan biyu. In na famfo garau ne, na randa kuwa da gurɓi ko wari, matsalar tana cikin gida. Sai dai a sani, garau a ido ba shaidar tsabta ba ce. Kwalara ba ta da launi.

Mataki na 6: Bi bututun da ƙafa, har zuwa moɗa

Masu tura saƙo sukan ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, kuma a nan ne galibi ake samun dalilin.

Fito waje ka bi bututun gidanku zuwa inda ya haɗu da babban layi. A lungunan cikin birni, da Fagge, da Brigade, ba sai ka yi nisa ba za ka ga siraran bututan roba jere cikin kwata, wani an ɗaure fashewarsa da tsinken robar taya, wani da leda. Lokacin da ruwa ke zuwa da ƙarfi, ta wannan tsagar waje yake tsartuwa, yara na wasa da shi. Da zarar an ɗauke ruwa bututun ya zama fanko, sai abin ya juya: ruwan kwatar ne ke tsotsuwa ciki, ya kwanta yana jiran ranar da za a dawo da ruwa ya tura shi gidanka. Shi ya sa ruwan farko bayan an daɗe babu shi ne mafi haɗari, shi ne kuma wanda ake rububin tara a randa. A zubar da na mintunan farko, ko a ware shi don wanki.

Gyaran ba shi da tsada idan aka kwatanta da kwana biyu a asibiti: mai gyaran famfo ya yanke wurin da ya fashe, ya sa sabon bututu da mahaɗi da gam, ya ɗaga shi daga cikin kwata. Idan layin na gidaje da yawa ne a yi karo-karo. In babban bututu ne ya fashe, ba aikinku ba ne. A sanar da ofishin hukumar ruwa na yankin, a kuma gaya wa mai unguwa.

Gargaɗi: masu jona injin zuƙar ruwa kai tsaye a bututun gwamnati, ku sani kuna rage wa layin ƙarfi, kuna kuma jawo ruwan kwata ta kowace tsaga, ku sha, maƙwabta su sha. A tara a tankin ƙasa, injin ya ɗaga daga can zuwa sama.

Sai tanki. Yaushe rabon da wani ya hau ya buɗe murfin? Ka hau da tocila. Ba abin mamaki ba ne ka tarar da laka mai kauri a ƙasa, gansakuka a bango, wani lokaci ma mushen ƙadangare, murfin kuwa iska ta daɗe da yar da shi. A wanke tanki aƙalla sau biyu a shekara: a zubar da ruwan, a goge da buroshi, a ɗauraye, a wanke da ruwan kulorin, a sake ɗaurayewa sosai. Kar a haɗa bilici da wani sinadarin wanke banɗaki, hayaƙin da suke fitarwa yana shaƙe mutum, kuma kar wani ya shiga tankin ƙasa shi kaɗai babu mai tsaye a sama. Tankin ƙasa da rijiya a duba tazararsu da masai. Abin da aka fi ba da shawara shi ne mita 30, wanda gidajenmu na birni da yawa ba su da filinsa. In haka ne, ruwan nan ba a shan sa sai an tsabtace.

Ɗan garuwa kuma ka tambaye shi cikin mutunci inda yake ɗiba, ka leƙa cikin jarkarsa. In ta yi kore ko tana warin wani abu, a canza.

Na ƙarshe ita ce randa. Uwargida, moɗar da yaro ya sha ya ajiye a ƙasa, wani ya ɗauka ya sake tsomawa, ita kaɗai ta isa ta lalata ruwan da ya baro matata lafiya. A ware moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai, a rataye ta, a riƙa zubawa a kofi. Bokiti mai murfi da ɗan famfo a gindi ya fi.

Mataki na 7: Tsabtace wanda za a sha

Ba duk ruwan gida za a tsabtace ba, na sha ne da na haɗa abincin jarirai da na kunu ko zoɓon da ba za a dafa ba. Gida mai mutum takwas jarka ɗaya takan ishe shi sha a yini.

Fara da washe shi idan ya gurɓace. Tace da farin ƙyalle da aka ninka, ko ka bar shi ya kwanta, ko ka kaɗa ɗan alif ka cire, ka jira lakar ta sauka, ka tsiyaye na sama. Dakakken ƙwayar zogale ma yana wannan aikin.

Gargaɗi: alif ba ya kashe ƙwayoyin cuta yadda za a dogara da shi. Laka yake kwantarwa. Gidaje da yawa a nan suke tsayawa, su ga ruwa ya yi garau su sha. Bayan alif dole a bi da ɗaya daga cikin ukun nan.

Tafasawa ta fi kowace tabbas, domin akwai ƙwayoyi masu taurin kai da kulorin ba ya gamawa da su da sauƙi. Ruwan ya tafasa sosai yana juyawa, a bar shi minti ɗaya cur, a sauke, ya huce a rufe cikin tukunyar. Kar a surka da ruwan sanyin da ba a tafasa ba, kar kuma a jefa ƙanƙarar kasuwa. Aibinta shi ne gas ko gawayi. Ga babban gida a kullum, abin yana da nauyi. A fifita jarirai, masu ciki, tsofaffi da marasa lafiya.

Kulorin shi ne mafi sauƙin kuɗi ga gida mai yawa. Ana samun na ruwa irin su WaterGuard da na ƙwaya irin su Aquatabs a manyan kemis. Karanta adadin lita da aka rubuta a jiki, domin ƙwayoyin girma-girma ne, ka auna da jarkarka. Zuba, rufe, girgiza, jira minti 30. In bayan haka ka ji ɗan warin kulorin, ya yi. Duba ranar lalacewa kafin ka biya, na ruwa yana rage ƙarfi idan ya daɗe, musamman a zafin nan namu. Kar a yi amfani da bilicin wanki mai ƙamshi ko mai sabulu, kuma kar a ce "bari in ƙara don ya fi aiki".

Ga lissafin da zai taimaka wa mai cefane: ledar fiya wata rabin lita ce, jaka mai 20 lita 10 ke nan. Jarka mai lita 25 ta yi daidai da jaka biyu da rabi. Tambayi kuɗin jaka biyu da rabi yau, ka tambayi kuɗin kulorin da zai tsabtace jarka ɗaya, ka ninka kowanne sau 30.

Rana kuwa kyauta ce, kuma Kano ba ta rasa ta. Cika robar ruwa mai garau wadda ba ta wuce lita 2 ba, cire takardar jikinta, kwantar da ita a kan kwano ta sha rana sa'a 6. Ranar hadari ko hazo mai kauri sai ta kwana biyu. Ruwan ya zama wasasshe, robar kuma ba mai launi ba, ba wadda ta karce ba.

Mataki na 8: Idan za a kai ɗakin gwaji

Ba kowa ke buƙatar wannan ba. A yi shi idan wari ko launi ya ƙi tafiya, idan ciwon ciki ya yawaita a layi, ko kuma idan rijiya ko burtsatse kuke sha kusa da masana'antun Sharaɗa, Challawa ko Bompai. A tambaya a hukumar ruwa ko a sassan kimiyya na Jami'ar Bayero. Duba-gari na ƙaramar hukuma ma zai iya nuna inda za a dosa.

Ka fara zuwa hannu sake, ka tambayi farashi, ka karɓi kwalbarsu. Kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta ta musamman ce. In ka kawo a robar lemo, dattin robar za a auna. Wanke hannu, goge bakin famfo, bar ruwa ya zuba minti biyu zuwa uku, cika ba tare da ka taɓa cikin murfi ba, ka bar ɗan fili a sama. Rubuta wuri da rana da lokaci. Saka a cikin kula mai ƙanƙara, ka kai cikin sa'a 6. Ɗebi biyu: ɗaya daga famfon shigowa, ɗaya daga randa ko tanki. Da ɗaya kawai ba za ka san inda laifin yake ba.

Gargaɗi: kar ka ce "a duba min ko akwai guba". Babu gwaji ɗaya da ke ganin komai, kowane abu da kuɗinsa. Fara da ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, da sauran kulorin, da gurɓin ruwan. Mai rijiya ya ƙara naitiret, sinadarin da kan shiga ruwa daga masai ko taki. Na kusa da majema su ƙara kuromiyam da dalma. Ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554 na hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ya ce kada a samu E. coli ko ɗaya a mililita 100, dalma kar ta wuce miligiram 0.01 a lita, naitiret kar ya wuce 50. Ka nemi a rubuta iyakar kusa da sakamakonka. Gidaje biyar su haɗa kuɗi a yi gwaji ɗaya mai kyau ya fi kowa ya sayi biron tsomawa.

Mataki na 9: Idan wani ya riga ya kwanta

Bar bincike, fara da mara lafiya. Amai da gudawa mai ruwa-ruwa na iya ƙarar da mutum cikin sa'o'i. Ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, a haɗa yadda aka rubuta. In babu, a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yana kurɓa ana hanyar asibiti. Ido ya faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa shan nono, ko jini a fitsari ko bayan gida: kar a tsaya kemis. In mutum biyu ko fiye ne a layi ɗaya, a sanar da asibitin da ke kusa, ko a kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232.

Rubuta duk abin da suka ci suka sha a kwana uku da suka wuce, ba ruwa kaɗai ba. A watan Maris na 2021 ɗaruruwan mutane sun kwanta a Kano, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu. Daga baya NAFDAC ta bayyana cewa wani sinadari ne aka sayar a matsayin ɗan tsami aka haɗa lemo da shi. Wanda ya kafa ido a kan famfo kaɗai, wannan zai wuce shi.

Mataki na 10: Koma wa wanda ya turo

In babba ne, kar ka ƙaryata shi a zauren dangi kowa na gani. Bi shi ta gefe, da murya in ba ya son karatu, ka kai masa abin da ka gani, ba ra'ayinka ba. Misali:

"Kawu, barka da yamma, Allah ya ƙara girma. Saƙon da kuka turo na ruwa na bincika. Hoton na wata ƙasa ne, ya daɗe yana yawo. Na duba namu, na tambayi maƙwabta, lafiya lau. Amma na ga bututun da ya shiga gidanku ya bi ta kwata kuma yana yoyo, in kun amince gobe in turo mai gyara. Kafin nan a ce wa Hajiya a riƙa tafasa na yara."

In ya gamsu, roƙe shi ya sanar da zauren da bakinsa, tunda daga gare shi aka ji. In kuwa bincikenka ya nuna da gaske akwai matsala, rubuta saƙon da kai ma za ka yarda da shi: sunan unguwa da layi, rana da lokaci, abin da aka gani ko aka shinshina, gidaje nawa, wa aka sanar, da abin da mutane za su yi kafin a gyara. Kar ka ambaci wanda ya aikata in ba ka gan shi ba, kar ka ɗora wa wata ƙabila ko 'yan garuwa baki ɗaya, domin irin wannan saƙon kan sa a far wa mutumin da tura kurarsa kawai yake yi. Sa sunanka da kwanan wata a ƙasa.